Totur ya ƙi komawa: waya za a saya ko kafireta?

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, saƙonnin da ke shigowa wannan fili suka karkata wajen babur, kuma yawancinsu a kan abu ɗaya: totur mai maƙalewa. Ba abin mamaki ba ne a Maraɗi, inda da ka sauka daga kwalta ka faɗa rairayi, ƙura kuma ba ta neman izini kafin ta shiga ko'ina. Na taƙaita kaɗan daga cikin tambayoyin, ga su da amsoshinsu.

"Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Zariya. Motona 125 ne, shekara biyu ke nan ina aiki da shi. Kwanan nan in na murɗa totur na saki sai ya yi ta jan jiki kafin ya koma, wani lokaci sai na maido shi da hannu. Ranar kasuwa saura ƙiris in afka wa amalanke, ga fasinja a bayana. Wani bakanike ya ce waya ce, wani ya ce kafireta ta gama aiki, in sayo sabuwa. Kuɗina ba su kai duka biyun ba. Wanne zan saya?"

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara kiyayewa. Kafin maganar saye ga wadda ba za ta yi maka daɗi ba: ka ajiye babur ɗin nan har a gyara shi. Na san a kansa cefane ke fitowa, in kuma na wani ne akwai kuɗin da yake jira da yamma. Amma totur da sai an maido shi da hannu ya riga ya yi maka gargaɗi, kuma ba ranka kaɗai ke bisa ba.

A babur irin naka abubuwa uku ne a jere. Akwai hannun da kake murɗawa, bututun roba ne da ke juyawa a kan ƙarfen kai. Akwai waya, siraran silin ƙarfe da aka tufka, tana gudu cikin rigarta. Sai kafireta, inda wayar ke ɗaga wani ɗan fistan mai allura a gindinsa don iska da mai su wuce cikin inji. Ita wayar ja kawai ta iya. Abin da ke maido komai idan ka saki shi ne sifirin guda ɗaya da ke saman fistan ɗin, kuma ba wani ƙarfi gare shi ba, da yatsa biyu za ka matse shi. Duk inda aka sami ɗan cijewa cikin ukun nan, sifirin zai gaza, kai kuma a hannu za ka ji, ko da laifin yana can ƙarƙashin tanki. Shi ya sa bakanike biyu za su murɗa hannu ɗaya su ba ka amsa biyu.

Gane mai laifin ba ya buƙatar komai sai sukundireba da tsumma mai tsabta. Inji a kashe, ya huce, kuma kada mai shan sigari ya matso. Murɗa totur har ƙarshe ka sake shi gaba ɗaya. Mai lafiya nan take yake komawa, har ka ji ɗan ƙas daga wajen kafireta, ƙarar fistan ke nan da ya sauka ya zauna. Juya kan babur hagu har ya tuƙe ka maimaita, ka juya dama ka maimaita. In yana komawa lafiya idan kai na tsaye amma ya cije idan an juya gefe guda, to an bi da wayar ta inda bai dace ba, ko ta yi gajarta, ko wani abu na danne ta.

In kuwa ko'ina cijewa yake, sai a raba su. Murfin saman kafireta, inda waya ta shiga, da hannu ake kwance shi a yawancin baburan nan namu. Goge ƙurar da ke kewaye da shi tukuna don kada ta zuba ciki. Kwance, ka zaro a hankali, fistan da sifirin da allura za su fito tare suna reto a bakin waya. Ka kula da allurar nan, in ta lanƙwashe ka jawo wa kanka wani sayen. Yanzu murɗa totur ka saki, fistan na rataye a iska. In har yanzu yana jan jiki, kafireta ta fita zargi, tunda ba ta ma cikin wasan. In ya koma sumul, to matsalar na cikin ramin da fistan ke hawa da sauka.

Saura waya da hannu. Kusoshi biyu ke riƙe da gidan da ke jikin hannun dama. Kwance su, ka zare kan wayar daga bututun. Juya bututun shi kaɗai, ya kamata ya wulwula ba gardama. Sannan ka kama bakin wayar da yatsu ka ja ta gaba da baya cikin rigarta. In rairayi ne za ka ji ƙaras-ƙaras tun daga farko har ƙarshe. In sili ne ya tsinke a ciki za ka ji tana tafiya sai ta turje, kuma kullum a wuri ɗaya. Duba dab da kawunan biyu, musamman inda take lanƙwasa ta fita daga gidan hannu, nan silin ke fara tashi kamar gemun masara.

Sili ɗaya ya tashi, wayar ta gama. Kada ka yarda a yanke maka shi da filaya, a ɗiga mai, a ce je ka ka gani. Wanda ya tsinke a waje shi ka gani, na ciki fa? Irin wannan wayar ce ke riƙe totur a buɗe ranar da ba ka shirya ba.

Yadda ka kwatanta, a hankali abin ya faro, ba faɗuwa ka yi ba, ba wanda ya taɓa kafireta, ga shekara biyu na shan ƙura. Zuciyata ta fi kwanta wa waya. Amma ba don na faɗa za ka saya ba. Gwajin nan ba ya cin minti goma sha biyar, kuma bakaniken da ya ce kafireta, ka roƙe shi ya kwance murfin a gabanka ku gani tare. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

In waya ce, ka tafi shagon kayan gyara da tsohuwar a hannu. Sunan babur kaɗai bai isa ba, don sau da yawa leda ɗaya za ka ga an rubuta mata sunayen babura uku ko huɗu, alhali ba duka take yi wa daidai ba. Jera su biyun a kan kanta. Tsawon riga ya zo ɗaya. Abin da ya fi wannan, wanda mutane ba su cika dubawa ba, shi ne tsawon wayar da ke leƙowa waje idan ka ja ta gefe guda. In na sabuwar ya gaza, fistan ba zai kai ƙasa ba, babur zai tashi yana kuka tun bugun farko. In ya zarce, sai ka murɗa da nisa kafin inji ya amsa, notin daidaitawa da ke jikin waya kuma ba zai iya cinye rarar ba. Dubi ƙullin da ke kawunan biyu, dubi gwiwar ƙarfen da ke shiga gidan hannu ko lanƙwasarta ɗaya da ta tsohuwar. Sannan ka tanƙwara sabuwar kaɗan, yadda za ta kwanta a jikin babur, ka ja. Kowace waya sumul take idan tana miƙe, a lanƙwasa ake gane ta kirki.

Za a fito maka da iri biyu ko uku. A nan ba na ba da shawarar tsimi. Ratar da ke tsakanin mai arha da mai kyau ba ta taka kara ta karya ba in aka auna da kuɗin kafireta, balle na asibiti. Mai kyau za ka ga rigarta da kauri, ƙullinta a zaune daram, bakinta da ƴar hular roba mai tare ƙura.

Wajen ɗaurawa, a dubi hanyar da tsohuwar ta bi kafin a zare ta, a ɗauki hoto da salula in ta kama, sabuwar ta bi nan. Kada a ɗaure ta tamau da jikin ƙarfe, tana son ɗan sarari ta motsa idan kai ya juya. Shi kuma fistan fuska ɗaya yake shiga. Yana da doguwar tsaga a gefe guda wadda ke bin wani ɗan tsinke a cikin ramin, da gajeriyar sassaƙa a ɗaya gefen inda kusar silo ke tokare shi, silo kuwa shi ne bugawar inji a tsaye ba a murɗa totur ba. In aka juya shi baibai zai tsaya a sama, ka buga babur ya zabura da dukan ƙarfinsa. Yaran gareji masu gaggawa kan yi wannan. Don haka bayan an ɗaure murfi, a murɗa a saki a ji ƙas ɗin nan kafin kowa ya taka kik.

Daga nan sai wasa. Dole a bar wa totur ɗan wasa kafin ya fara jan waya, littattafan yawancin ƙananan babura na cewa milimita 2 zuwa 6, ana aunawa a bakin robar hannu. Notin da ke jikin waya kusa da hannu shi ke ƙarawa ko ragewa, a ɗaure ɗan'uwansa a kai don kada ya warware. Gwajin ƙarshe, tada inji a firi, bar shi a silo, juya kai hagu da dama har ya tuƙe. Muryar inji kada ta canza. In ta ɗaga ko kaɗan, aiki bai ƙare ba, kar ka biya ka tafi.

To in gwaji ya nuna kafireta ce fa? Ko a nan ba da saye ake farawa ba. Galibi datti ne, ƙurar da ta wuce matatar iska ta haɗu da danƙon da fetur ke bari idan ya daɗe, suka liƙe a jikin fistan. A wanke shi da ramin da fetur mai tsabta ko maganin fesawa na wankin kafireta, a mayar da shi a bushe, ba mai ba giris. Fistan mai lafiya in ka sake shi a ramin, nauyinsa kaɗai ke kai shi ƙasa. Abin da nake roƙo shi ne kada a goge shi da samfefa. Zai saki a ranar, amma an cinye jikinsa, iska za ta riƙa satar hanya ta gefe, silo ba zai ƙara zama daidai ba. A duba matatar iskar ma, in ta yage ko an cire ta, wankin banza aka yi. Sabuwar kafireta na zama dole ne idan ramin ya zaizaye ya yi zane mai zurfi, ko jikinta ya motse don an matse notocin da ke haɗa ta da inji fiye da kima, ko zaren murfin ya cinye. In ta kai ga haka, faɗin bakinta za ka bi. Injin 125 irin na CG yawanci mai milimita 26 yake ɗauka, na 150 mai 27, ƙananan 110 kuma mai 19. Kada a ruɗe ka da babba a ce za ta ƙara gudu. Shan mai za ta ƙara, babur ya riƙa sarƙewa wajen tashi, kai kuwa aikinka duka tashi da tsayawa ne cikin gari.

"Daga Tibiri nake. Mu nan in waya ta yi tauri baƙin man da aka juye daga inji muke ɗura mata, wasu giris suke cusawa. Wani ya ce in sayi gwangwanin fesawa. Ya cancanci kuɗinsa?"

Malam, baƙin mai kyauta ne, shi ya sa ake son sa, amma a cike yake da toka da garin ƙarfen da inji ya ci, kuma abin da kake ɗura wa wayarka ke nan. Ga kauri, yana kama ƙura ya riƙe. Ka lura da wannan a watan Disamba ko Janairu: in totur ya yi tauri da asuba, ya saki da hantsi ya ɗaga, to mai ne ya daskare cikin riga. Giris ya fi shi muni a nan.

Wayar da ba ta tsinke ba ana iya ceto ta. Cire ta ka rataye a tsaye. Sami ƴar leda ka huda gindinta, ka ɗaure ta a bakin rigar ta zama mazurari, ka zuba kananzir kaɗan kana jan wayar sama da ƙasa. Da farko baƙi wuluk zai riƙa ɗiga ta ƙasa, ka ci gaba har ya fito garau. Bar ta ta tsane, sannan ka ɗiga mata mai marar kauri. Man keken ɗinki ya wadatar, kuma ba telan da ba ya da shi.

Gwangwanin fesawa irin su WD-40 yana da amfani wajen wanki da korar ruwa, musamman da damina ko bayan masu wankin babur sun watsa ruwa mai ƙarfi a bakin waya. Sai dai siriri ne, ba ya daɗewa. In kana da shi yi amfani da shi, in babu kada ka saya don wannan kaɗai. Wayar da ke da farar leda shimfiɗe cikin rigarta kuma ba ta cika son mai ba, an yi ta ne ta zame a bushe, wani man ma kumbura ledar yake yi. Tsakanin bututun hannu da ƙarfen kai, gogewa fes ta fi shafa. Ɗan giris ƙwaya ɗaya a ƙullin wayar, inda take naɗewa cikin gidan hannu, shi ke nan.

"Ni malamar lekol ce a Ali Ɗan Sofo, ƙaramin moto gare ni marar kuloci a hannu. Na faɗi cikin rairayi wajen kwana, ban ji ciwo ba, amma tun ranar totur ba ya komawa sai na tura shi. Ƙanena ya sa mini sababbin robobin hannu masu ado, abin sai ya ƙaru. In sake sayen wasu? Kuma in ya maƙale ina cikin tafiya mi zan yi?"

Malama, sannu, Allah ya tsare gaba. Naki ya fi na mai kabu-kabu sauƙin ganewa, tunda kin san ranar da ya fara. Idan babur ya kwanta ta dama, bakin hannu ne ke fara dukan ƙasa. Robar kan turu ciki ta manne da gidan maɓallai, rairayi ya cusu tsakanin bututu da ƙarfe, wani lokaci bututun ya tsage ko ƙarfen kan ya ɗan lanƙwashe. Ƙanen naki ya yi niyyar alheri, amma ya sa sabon abu a kan ciwon da ba a wanke ba.

A zare bututun gaba ɗaya a goge ƙarfen da cikinsa, a ɗaga shi a haske a nemi tsaga. In ya tsage a sayi sabo, ba shi da tsada. In sabo ne ma yake cijewa a wuri ɗaya, ƙarfen kai ya lanƙwashe, kuma sauya shi ya fi a gasa shi a wuta a miƙe.

Su robobin nan masu ado, ga inda suke kawo matsala. Ƙarfen kai milimita 22 ne a irin waɗannan babura, ta hagu a kansa take zama kai tsaye, ta dama kuwa a kan bututu, don haka ramin ta dama ya fi faɗi. In aka musanya su, ko aka tura ta dama har leɓenta ya goge gidan maɓallai, ko rufaffen bakinta ya tokare bakin ƙarfe, totur zai cije. Haka in an zuba gam ya tsiyaya ciki. Masu ƙarfe a baki da ake ɗaurewa da kusa su ma sai an bar musu ɗan tsakani. Ki ce a ja robar baya kaɗan har a ga rata, sau da yawa nan take yake sakin. In saye za ki yi, ki sayi ta roba zalla mai laushi, ki bar masu ƙyalƙyali. Kuma ledar cefane ko jakar littattafai kada ta ƙara hawa hannun dama, haka bakin hijabi a tattare shi kafin a tashi.

Tambayarki ta biyu ta shafi kowa. Mai kuloci, abu na farko ya damƙe shi. Inji zai yi kururuwa, ya ƙyale shi, tayar ba ta samun ƙarfi. Sai ya kashe da jan maɓallin da ke hannun dama in babur ɗin na da shi, ko da makulli, ya taka birki ya gangara gefe. Ke da ba ki da kuloci, ki tura totur gaba da ƙarfi, tunda in hannu ne ke cijewa zai koma. Ki kama birki biyun tare, babur a miƙe, in kan rairayi ne na baya ya fi yawa don na gaba na iya kayar da ke. Hannun hagu ya tafi ga makulli ya kashe. Kada ki canza giya, kada ki sauke ƙafa kina neman tsayar da shi da takalmi. In ya mutu kuma kada ki sake tada shi don ki gwada, a tura shi zuwa gareji.

Wannan kai hannu ga makulli ba a koyon sa ranar tsoro. Ki zauna bisa babur a tsakar gida, idonki na kallon gaba, ki yi ta kai hannun hagu kina kashewa har ya san wurin da kansa. In tarin makullan gida ne rataye a jiki, ki rage su.

"Ni dattijo ne daga Madarunfa. Ina son in saya wa ɗana babur na hannu ya riƙa kai kaya kasuwa. Wanda muka gani totur ɗinsa na komawa da kyau, amma inji na ci gaba da kuka na ɗan lokaci kafin ya sauka. Mai sayarwa ya ce silo ne kawai aka ɗaga. In saya?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Kun lura da abin da samari da yawa ba su lura da shi. In hannu ya koma, an ji fistan ya sauka, amma inji bai sauka ba, to ba maƙalewar totur ba ce. Silo da aka ɗaga tsayawa yake a sama, murya ɗaya, kuma da an sassauta kusarsa zai sauko. Wanda ke rataye a sama ya riƙa saukowa a hankali yawanci iska ce ta yi masa yawa, mai ya yi kaɗan. Ko dai tana shiga ta ɓarauniyar hanya a wuyan da ke haɗa kafireta da inji, inda roba kan tsage ko gasket, wato abin da ke toshe tsakanin mahaɗar, ya mutu, ko kuma ƙaramin jet na silo, ƴar ƙofar da mai ke bi cikin kafireta, ya toshe da datti.

Ku ce wa mai sayarwa ya bar inji ya yi zafi, sannan ya sauke silo a gabanku zuwa yadda ya kamata, wajen juyi 1,400 zuwa 1,500 a minti, wato bugawa a natse ba rawar jiki. In ya zauna lafiya, gaskiya ya faɗa. In ya mutu, ko ya riƙa hawa da sauka, to an ɗaga silon ne don a rufe wani abu. A kwance filogi a duba bakinsa: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, fari fat alamar inji na aiki da ƙarancin mai. Irin wannan injin zafi yake yi fiye da kima, kuma kun san zafin Afrilu da Mayu a ƙasar nan, da ke haura digiri 40, ga kaya a baya.

Wuyan kafireta da wankin jet ƙaramin gyara ne, ba za su hana ciniki ba, sai dai a rage su cikin kuɗin. Abin da zai sa in ce ku haƙura shi ne in an sauke silo aka fara jin ƙwanƙwasa daga cikin inji, ko salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Ku koma da sassafe ba tare da kun sanar ba, ku dafa injin ku ji da sanyi, sannan a tada shi a gabanku. Lambar da ke jikin ƙarfen babur kuma a gwada ta da wadda ke takardun duwan kafin kuɗi su fita aljihu.

"Ina yawan bin hanyar Dakoro, hannuna na gajiya da riƙon totur. Abokina ya yanke sifirin nasa ya yi laushi, wani kuma roba yake naɗawa totur ya tsaya da kansa. Wanne ya fi?"

Ƙanena, babu ko ɗaya. Abin da mutanen da ke sama ke neman rabuwa da shi, shi kake son ka ƙera da hannunka, a hanyar da jaki ko garken awaki ke faɗowa titi ba sallama.

Akwai abin da abokinka bai sani ba. Idan inji na gudu, iskar da yake zuƙa tana danna fistan da bangon ramin, don haka sifirin na buƙatar ƙarfi fiye da yadda ake gani a tsaye. Yankakken sifirin zai iya maido totur lafiya lau a gareji da inji a kashe, ya kasa a kan hanya lokacin da kake tsula gudu. Masu yin akasin haka, su ja sifirin ya ƙara tsawo ko su sa mai tauri don totur mai cijewa ya koma dole, su ma rufe ciwo suke yi, waya na ci gaba da cinyewa a ciki.

Totur mai lafiya ba ya gajiyar da hannu haka. In naka na yi maka nauyi, wayar ta bushe ko ta lanƙwashe a wani wuri, ka bi gwajin da na ba mai kabu-kabu. Robar hannu mai ɗan kauri da laushi tana rage zugin da ke kashe yatsu, kuma a doguwar tafiya ka riƙa tsayawa kana miƙe hannun. Shi kuma abokin naka, ya cire yankakken ya tafi da kafiretar ko lambarta shago, a ba shi sifirin da ya dace da ita.